Mu Daina Ce wa Baƙo "Ba Komai"

Bara cikin watan Agusta, damina ta yi tsakiya, ɗan yayata ya zo Kano bikin ƙanwarsa bayan shekara goma sha ɗaya a Ingila. A jakarsa akwai ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta masa, da man shafawa mai korar sauro. Daren farko muna zaune a tsakar gida ya ɓallo ƙwaya ɗaya zai kora da ruwa, sai wani kawunsa ya tuntsire da dariya ya ce, "Kai yaro, a Fagge fa aka yanke maka cibiya. Sauron da ya raine ka kake gudu yau? Ajiye abin nan, ba komai." Kowa ya dara, har da ni. Yaron ya yi murmushin jin kunya. A kwana na uku ya daina shan maganin don kada a ce ya zama Bature. Gidan sauron da aka ɗaura masa ma ya naɗe shi ya ajiye.

An sha biki an watse, ya koma. Kwana tara da komawarsa matarsa ta kira yayata cikin dare tana kuka. Zazzaɓi ya kayar da shi, ba ya gane mutane, an kai shi ɗakin da ake kwantar da waɗanda rai ke hannun Allah. Kwana shida ya yi a can. Allah ya yi da sauran shan ruwansa, ya tashi. Da labari ya iske kawun nan, cewa ya yi, "Ikon Allah, ashe sanyin Turai ya lalata masa jiki." Har yau bai ga hannunsa a cikin lamarin ba. Ni na ga nawa, domin a daren nan na san gaskiya, na kuma zaɓi in yi dariya tare da jama'a.

Gaskiyar ita ce, 'yar juriyar da jikinmu ke da ita ga zazzaɓin cizon sauro aro ce. Yawan cizo da yawan kwanciya ne ke gina ta, kuma tana zagwanyewa idan mutum ya daɗe a inda babu cutar. Wanda aka haifa a Fagge ya yi shekara goma a Landan, jininsa bai san da zancen cibiya ba. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ke komawa Ingila da wannan cuta ba Turawa masu yawon buɗe ido ba ne, 'yan asalin Afirka ne da suka zo ganin gida. Bature na jin tsoro, yana shan maganinsa. Namu kuwa mu muke hana shi sha.

Da waɗannan kalmomi biyu nake faɗa a yau: "ba komai". Mun mayar da su gaisuwa, mun mayar da su karamci, har mun mayar da su kishin ƙasa. Baƙo ya tambaya ko hanya lafiya, ba komai. Ko ruwan nan na shayuwa, ba komai. Ko a kama hanya bayan magariba, ba komai, Allah na nan. Ina da'awar cewa wannan amsa cin amana ce, kuma ta fi jar taswirar Turawa da muke ta zagi illa ga baƙonmu.

Bari in fara da taswirar, don kada a ce na goyi bayanta. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka, tun daga Janairun 2018, tana jera ƙasashen duniya a matakai huɗu: na ɗaya ka je da hattara irin ta kullum, na biyu ka ƙara hattara, na uku ka sake tunani, na huɗu kada ka je. Nijeriya ta daɗe a mataki na uku, sannan aka ware wasu jihohi aka ɗora su a na huɗu. A sanarwar da suka fitar a 2023, Kano da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Zamfara da Bauchi da Gombe duk suna cikin jerin "kada ka je", tare da Borno da Yobe. Ingila kuma launi take shafawa: ja inda ta ce kada a je sam, ruwan lemo inda ta ce sai da larura, kore inda ta ce a je da lura. Bayan kisan Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu a gandun raƙuman dawa na Kure ranar 9 ga Agustan 2020, Faransa ta shafa wa Nijar ja gaba ɗayanta in ban da Yamai.

Abin da ke damuna da wannan taswira shi ne kaurin alƙalaminta. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. Wanda ya san ƙasar ya san cewa zama a Nasarawa cikin birni daban yake da kwana a ƙauyen Shanono ko Tsanyawa da ke bakin iyakar Katsina, inda 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa. Taswira ba ta san wannan ba. Ba ta san bambancin ƙarfe goma na safe da ƙarfe goman dare a hanya ɗaya ba. Kuma launin yana da tsada. Kamfanonin inshora da yawa ba sa biyan wanda ya je inda gwamnatinsa ta hana, don haka malamin jami'a da ke son karanta rubutattun littattafanmu na da, da likitan da ke son zuwa aikin ido na sati biyu, da mai sayen fata, duk sai su fasa. Hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ta sa Sukur ta jihar Adamawa tun 1999, ta sa tsohon birnin Agadas a 2013. Waɗanda za su zo kallo takardar gwamnatinsu ta ce su zauna a gida. Marinar Ƙofar Mata da 'yan dukawan Kurmi su suka san abin da suka rasa.

To amma mu yi adalci. Wanda ya zana taswirar ba don Kano ya zana ta ba. Ma'aikaci ne da aka ɗora wa alhakin ran ɗan ƙasarsa, kuma idan ya yi kuskure gara masa ya yi shi ta wajen tsoratarwa. Ya yi aikinsa gwargwadon abin da ya hango daga bayan katangar ofishin jakadanci. Mu da muke da labarin unguwa-unguwa da sa'a-sa'a, mu ya kamata mu cike giɓin. Me muka cike shi da shi?

Da musu muka cike shi. A watan Oktoban 2022 ofishin jakadancin Amurka ya yi gargaɗin yiwuwar hari a Abuja, har ya kwashe iyalan ma'aikatansa. Gwamnatinmu ta lokacin, ta bakin ministan yaɗa labarai Lai Mohammed, ta yi watsi da gargaɗin. Wata uku kafin nan, ranar 5 ga Yuli, an fasa gidan yarin Kuje a gefen Abujar an saki ɗaruruwan fursunoni. Kafin wannan kuma, ranar 28 ga Maris, an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, an kashe mutane, an tafi da wasu da dama daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoban nan da ake musun. Jirgin da jama'a suka koma wa don gudun Rijana da Katari shi ma bai sake tashi ba sai a Disamba. Wanda ya ga wannan jeri, sannan ya ji hukuma na cewa lafiya lau, wa zai gaskata gobe?

Mu talakawa kuma muna da namu salon. Da an ambaci gargaɗin sai ka ji an ce, "Su Amurkan fa? Ba kullum ake harbe yara a makarantunsu ba?" Gaskiya ne, a 2021 bindiga ta kashe sama da mutum 48,000 a Amurka, fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Sai me? Baƙon da ke tsaye a filin jirgin Malam Aminu Kano yana tambayar ko ya bi mota zuwa Gusau da yamma, wane amfani adadin gawar Amurka zai yi masa? Gori ga mai gori yana sanyaya zuciyar mai masauki, shi kuwa baƙo yana nan da tambayarsa ba a amsa ba.

Abin takaicin shi ne, da taswirar da masu musunta duk idonsu na kan ɗan bindiga. Abubuwan da suka fi kwantar da baƙo ko su kai shi kabari ba sa fitowa a kanun labarai.

Na farko hanya. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ƙirga sama da mutum 5,000 da ke mutuwa a titunan Nijeriya a shekara, kuma wannan wanda aka rubuta ne kawai. A ƙarshen watan Mayun 2025 'yan wasan Kano na dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun, bayan doguwar tafiyar dare, motarsu ta faɗa daga gadar Ciromawa, saura ƙiris su iso gida. Sama da ashirin suka rasu. Ba wanda ya tare su. Duk da haka idan baƙo zai tafi Kaduna sai mu kai shi tasha, mu cusa shi a motar da aka yi wa lodin mutum biyu a gaba huɗu a baya, tayoyinta 'yan gwanjo, direbanta bai runtsa ba tun jiya, mu ɗaga masa hannu mu ce Allah ya kiyaye hanya. Mai masaukin kirki zai nemo direban da ya sani da motar da ya sani. Zai duƙa ya duba taya, domin a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Zai sa a tashi da hantsi a isa kafin la'asar sakaliya. Zai ce wa baƙon ya ɗaura bel ko da a kujerar baya yake, ya kuma ba shi izinin ce wa direba ya rage gudu, domin baƙo na jin nauyin yin magana a motar da ba tasa ba. Idan tafiyar mai nisa ce kuma akwai jirgin sama, a sayar da ragon da za a yanka masa a saya masa tikiti. Idan an tarar da tankar mai ta faɗi, a wuce da sauri. Majiya ta jihar Jigawa ta binne sama da mutum 150 a Oktoban 2024 saboda taruwa a kan tankar da ta kife.

Na biyu sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Irin wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne mafi muni, yana iya kai mutum ga halaka cikin kwana ɗaya da tsanantarsa idan ba a yi magani ba. Baƙon da ya fito daga ƙasar da babu cutar ya ga likita tun kafin ya taso. Magungunan rigakafin sun bambanta: akwai wanda ake farawa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a ci gaba da shi har kwana bakwai bayan an koma, akwai wanda sai an yi mako huɗu ana sha bayan komawa. Wanda ya yar da maganin ranar da ya hau jirgi ya yi aikin banza. Ya kwana cikin gidan sauro, ya rufe hannu da ƙafa da magariba. Idan ya koma gida zazzaɓi ya kama shi, ko bayan watanni ne, ya tafi asibiti a ranar, kuma kalmar farko da zai faɗa wa likita ita ce daga Nijeriya yake. Likitan da bai saba ganin cutar ba zai iya ɗaukarta mura.

Haka zancen katin rigakafin cutar shawara. Allura ɗaya ce, tana fara aiki bayan kwana goma, kuma tun 2016 aka amince tana yi wa mutum har ƙarshen rayuwa. Amma kowa ya san akwai masu sayen katin ba tare da an tsira musu allurar ba, har suna alfahari da wayo. A 2019 cutar ta ɓarke a yankin Alƙaleri na jihar Bauchi, kuma cikin waɗanda ta kashe akwai ɗalibai da suka je yawon buɗe ido Yankari. Katin bogi jami'in filin jirgi kaɗai yake ruɗa. Wanda zai zo tsakanin Disamba da Yuni kuma, lokacin hunturu da bazara, a gaya masa muna cikin yankin sanƙarau, akwai allurarsa.

Na uku abin da ke shiga ciki. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Cikinmu ya saba da wasu ƙwayoyin cuta da za su kwantar da baƙo sati guda. Amma mu a wurinmu ƙin shan ruwan da aka miƙo maka raini ne, sai baƙo ya rufe ido ya shanye kofin randa don kada ran Hajiya ya ɓaci. Ina laifin mu sauke masa wannan nauyi? A ajiye masa ruwan gora mai hatimi, ko a tafasa. A gaya masa ƙanƙarar da ke cikin zoɓo da kunun aya daga ruwan da ba a sani ba take. Tsire da balangu ya ci wanda aka sauke daga wuta a gabansa, ya bar yankakken kabeji da tumatirin da ke gefe. 'Ya'yan itace ya ɓare da hannunsa. A tanadi gishirin haɗin ruwa na masu gudawa a gida. Magani kuma a saya a babban kantin magani da aka sani, a duba lambar NAFDAC, a bar na tallan kwali da ya sha rana.

Akwai na huɗu da ba mai ambata, janareta. Don karrama baƙo sai a tayar da shi a dafa da tagar ɗakinsa, ko a shigo da shi baranda a rufe ƙofa saboda ɓarayi. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci bai farka ba. An sha wayar gari a ƙasar nan a tarar da gida guda sun mutu a haka. A nisanta shi da ɗakin kwana, a fili, bakin salansa na kallon waje.

Sai a zo kan mutane. A nan ma abin da zai fi samun baƙo a birni shi ne ƙwacen waya. A gaya masa kada ya riƙe waya a hannu a cikin adaidaita sahu ko a bakin titi bayan duhu, kuma idan aka zare masa wuƙa ya miƙa, kada ya yi jayayya. A Abuja a gargaɗe shi da tsayar da motar haya a kan hanya, saboda 'yan fashin da ke shigar direba da fasinja. Canjin kuɗi a raka shi wurin wanda aka sani, kada ya tsaya ƙirga daloli a bainar jama'a a Wapa. A shingen jami'an tsaro ya sauke gilashi, ya kunna fitilar cikin mota idan dare ne, ya ajiye waya, kada ya ɗauki hoto. Fasfo ya zauna a gida a kulle, ya yi yawo da kwafinsa. Lambar 112 ta gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra su kasance a wayarsa, amma lambar da ta fi su amfani ita ce ta mutumin da zai ɗaga cikin dare ya taso. A san asibitin da za a nufa tun kafin a buƙace shi, a san rukunin jininsa, a ajiye kuɗin da za a nema kafin a taɓa shi.

Garkuwa da mutane kuwa, a nan ne karamcinmu ke zama tallan baƙo. Tun bai sauka ba an sa hotonsa a Facebook da WhatsApp: "Muna maraba da ɗan'uwanmu daga Amurka." An faɗi ranar da zai je ƙauye gaida kaka, an faɗi ranar ɗaurin aure. Mai gadi ya sani, mai shayin bakin layi ya sani. Duk wanda ya saurari waɗanda suka fito daga hannun masu garkuwa ya ji yadda ake cewa ɓarayin sun san sunan mutum da sana'arsa da ranar zuwansa. Wani ne ya kai musu, kuma sau da yawa na kusa ne. Rufe bakinka game da zirga-zirgar baƙonka ya fi masa kaji goma da za ka soya. A sa hotunan bayan ya tafi. Idan ƙauyen na yankin da ake ɗauke mutane, a kawo kakar birni ta gan shi. Idan ta kasa tasowa, a yi musu kiran bidiyo, a haƙura. Za a yi gunaguni a dangi, amma gunaguni ya fi zaman tara kuɗin fansa sauƙi.

Abu na ƙarshe da muke jin kunyar faɗa shi ne taron jama'a idan ya fusata. A Mayun 2022 an kashe wata ɗaliba a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, ba kotu ba alƙali. A Maris ɗin 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta da ke hanyar komawa gida Sallah, a Uromi ta jihar Edo, bisa zargin su masu garkuwa ne. Wanda ya yi kukan Uromi ya san yadda baƙunta ke zama laifi cikin minti biyar a inda ba mai shaidarka. Don haka baƙonmu, ko Bature ne, ko ɗan Kudu mai yi wa ƙasa hidima, ko Bahaushen Kumasi da ya zo neman dangin kakansa, a zaunar da shi a gaya masa: kada ya shiga gardamar addini da wanda bai sani ba, a baki ko a waya, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, balle mace, ya sa suturar da ba za ta ja ido ba, ya san Kano na da Hisba da dokar giya, idan ya ga taro na ihu ya juya, kada ya tsaya kallo. Ranar zaɓe da ranar zanga-zanga ya zauna a gida. Wanda ya ga 1 ga Agustan 2024 a Kano, da dokar hana fita da ta biyo baya, ya san dalili.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce wannan duk raunin imani ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yarda ba makawa. Amma mu dubi hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Madina na arewa da Makka, shi kuwa ya fara nufar kudu, ya ɓuya kwana uku a kogon Saur. Ya ɓoye lokacin tafiyarsa ga kowa sai 'yan kaɗan. Ya ɗauki hayar ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ba Musulmi ba ne, ya bi da su ta hanyar gaɓar teku da ba a saba bi ba. Sayyidina Umar kuma yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba, ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Su waɗannan imaninsu ne ya yi rauni? Ɓoye ranar tafiya, neman masanin hanya, sauya hanya, fasa tafiya idan labari ya ɓaci: abin da nake roƙo ke nan, kuma ba daga ofishin jakadanci na koyo shi ba.

Za a kuma ce ina ɓata sunan ƙasa, ina korar baƙi. Wane ne ya fi ɓata sunan Kano: ni da na ce a sha magani, ko ɗakin asibitin Ingila da ɗan yayata ya kwanta, inda duk ma'aikacin da ya duba takardarsa ya karanta sunan garin da ya ɗauko cutar? Baƙon da aka gaya wa gaskiya ya zo ya koma lafiya shi ne zai dawo da abokinsa. Wanda aka ce wa ba komai ya ga komai, ba zai sake yarda da bakin ɗan ƙasar nan ba, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi cewa jar taswirar ta yi gaskiya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun gaji wannan ilimi muka yar. Kakanninmu fatake sun yi ta zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja suna kai kanwa da tufafi suna ɗauko goro, tafiyar watanni cikin dazukan da ke da 'yan fashi da sarakuna masu karɓar fito. Ayari na da madugu mai yanke shawarar ranar tashi da hanyar bi, yana da jagaba mai wucewa gaba ya gano abin da ke can. Ana sauka a zango, ba a kwana inda dare ya riski mutum. A gari kuma akwai fatoma, mai masaukin da ke ajiye kayan baƙo, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ya gaya masa wanda zai amince da shi da wanda zai guda. Fatoman da baƙonsa ya yi asara saboda ya ɓoye masa gaskiya, kasuwarsa ta mutu, domin labari zai riga shi isa zango na gaba. Baturen Jamus Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851, cikin irin wannan tsari na ayari da masauki da takardar sarki zuwa sarki ya ratsa ƙasashen nan shekara biyar ya koma gida da ransa. Jikokin madugu ne yau ke tura baƙo hanyar Birnin Gwari da "ba komai".

Mu ma baƙi ne a wani wuri. Muna zuwa Alƙahira da Indiya neman magani, muna zuwa Kwatano da Akara da Dubai fatauci, muna tura 'ya'yanmu karatu Sudan har yaƙin 2023 ya rutsa da su a Khartum aka kwaso su ta hamada zuwa iyakar Masar. Duk wanda ya taɓa sauka a garin da bai san kowa ba ya san darajar mutumin da zai ja shi gefe ya ce: kada ka bi ta can, kada ka sha wannan, kada ka yarda da wancan. Ba ka ƙin garin saboda shi. Shi kake nema idan ka sake dawowa.

Ɗan yayata ya ce zai zo da matarsa da 'ya'yansa biyu hutun ƙarshen shekara, yaran da ba su taɓa ganin Dala ba. Na riga na kira shi na ba shi haƙuri a kan dariyar da na yi. Na ce su ga likita wata guda kafin su taso, a yi wa yaran allurar shawara ta gaske da ta sanƙarau. Na sayi gidan sauro uku. Na yi magana da direban da zai ɗauko su, na kuma gaya wa yayata cewa ba mai sa hotonsu a waya sai sun koma. Ƙauye ba za su je ba bana, za a kawo Inna birni. Kawun nasa ya riga ya fara cewa na cika tsoro kamar farar kura. Na ce masa na ji, kuma duk daren da yaran za su sha maganinsu a tsakar gida ni zan miƙa musu ruwan.